Superman, Batman da Spider-Man: Su Wane Ne, Kuma Me Masoyansu Ke Musu A Kai?



Watan jiya na rako shanun Baba daga Jalingo zuwa karar Lokpanta a jihar Abiya. Da aka sauke kaya aka ɗaɗɗaure, sai na wuce gidan fatomanmu, wani dattijo da ya fi shekara talatin a can. Muna zaune bayan la'asar sai autansa ya dawo daga makaranta, goye da jaka mai hoton wani mutum cikin kaya ja da shuɗi, fuska a rufe, idanu farare fat. Alhaji ya karɓi jakar ya miƙo mini, ya ce, "Kai ɗan boko, wannan aljanin fa? An ce mini alamar 'yan ƙungiyar asiri ce. Ƙona ta zan yi." Yaron ya dube ni, idonsa ya cika da ƙwalla. Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri a bar jakar tukuna. Na san shi. Sunansa Spider-Man, kuma maraya ne." Sai ya ce, "Maraya kuma? To zauna ka yi mini bayani."

Bayanin da na yi masa ranar ne na faɗaɗa a nan, don na san ba shi kaɗai ba ne. Daga Agege zuwa Sabon Ibadan, daga Ama Hausa ta Owerri zuwa Bogobiri a Kalaba, hotunan nan suna kan jaka da riga da robar abincin yaranmu, kuma iyaye da yawa ba su san ko su wane ne ba. Ni ba malami ba ne, sakandare na gama na kama bin shanu. Amma na tashi da karatun littattafan nan. A Jalingo lokacin muna yara ba a shago muke samun su ba. Wani sa'in a ƙasan dilar gwanjo ake tsintar su, wani sa'in yaran mota ne ke kawo mana in sun dawo daga Anacha, bango a yage, shafin ƙarshe babu. Haka muke karɓa-karɓa har takardar ta mutu. Rabin Turancin da na ci jarrabawa da shi, wallahi daga nan na tsince shi.

Turawa na ce wa irin littafin komik, mu kuwa katun muke ce wa duka, na takarda da na talabijin. Labari ne da ake bayarwa da zane, gida-gida a shafi, maganar kowa a rubuce cikin da'ira kusa da bakinsa. Kamfanoni biyu ne na Amurka suka mallaki manyan jaruman. DC ke da Superman da Batman da Wonder Woman. Marvel ke da Spider-Man da Hulk da Iron Man da Black Panther da X-Men, kuma kamfanin Disney ya saye shi a 2009 kan kusan dala biliyan 4. Abu guda da mai karatu zai riƙe shi ne, ba mutum ɗaya ke rubuta labarin jarumi ba. Wata-wata ake fitar da littafin, marubuci ya yi shekarunsa ya tafi, wani ya karɓa ya ɗora. Shi ya sa za ka ga jarumi ya mutu a bana, baɗi ya dawo, ko abin da ya gagare shi jiya yau ya yi shi da yatsa ɗaya. Yawancin musun masoya daga nan yake tasowa.

Superman

Shi ne babban yayansu. Ya fito a littafin Action Comics na 1 a shekarar 1938. Wasu samari biyu na birnin Cleveland suka ƙirƙire shi, Jerry Siegel mai rubutu da Joe Shuster mai zane, dukkansu 'ya'yan Yahudawa baƙin haure. Labarin shi ne, wata duniya mai suna Krypton za ta tarwatse, sai iyayensa suka sa shi yana jariri a cikin kumbo suka harbo shi. Ya faɗo a karkarar Kansas, wani manomi da matarsa suka tsince shi suka raine shi. Sunansa na gida Kal-El, sunan da aka san shi da shi a gari Clark Kent, ɗan jarida mai tabarau da ba wanda ke ɗauka da muhimmanci. A farko ma ba ya tashi sama, tsalle yake yi mai nisa, daga baya aka ba shi tashi.

Samarin nan dala 130 kacal aka ba su suka sallama shi ga kamfani. Sun tsufa cikin talauci, sai a 1975 da surutu ya yi yawa aka yanka musu kuɗin shekara-shekara aka mayar da sunansu kan littafin. Duk ɗan kara ya san zafin sayar da maraƙi da arha, ka zo ka gan shi ya zama bijimi a hannun wani.

Ra'ayin masoya a kansa ya rabu biyu tun da daɗewa. Masu suka na cewa ƙarfinsa ya yi yawa, harsashi ba ya huda shi, yana ɗaga jirgi, yana gani ta bayan bango, to ina daɗin labarin? A majalisarmu ta wajen mai shayi akwai wanda kullum maganarsa ke nan, wai fim ɗin da akta ba ya shan duka a hannun bos ba fim ba ne. Marubutan ma sun gane haka, shi ya sa suka yi masa makari, wani koren dutse daga ragowar duniyarsu mai suna kryptonite, da an kusanto da shi jikinsa zai mutu. Sihiri ma yana kama shi. Kun ga dai kamar ɗan tauri, wuƙa ba ta cin sa amma akwai abin da ke karya shi.

Masu son sa kuma na cewa waɗancan ba su gane ba. Ai ba ƙarfin ake kallo ba, halin ake kallo. Mutum ne da zai iya mulkar duniya da ƙarfin tsiya amma bai yi ba, saboda tarbiyyar da talakawa biyu suka ba shi a gona. Ni a nan nake. Kuma akwai abin da nake ganin ku mazauna kudu za ku fi mu ganewa a labarinsa: yaro ne da aka haifa a wani wuri ya tashi a wani, yana da sunan gida da sunan waje, bai taɓa zama a garin iyayensa ba amma ana ce masa ɗan can ne.

Batman

Shekara ɗaya bayan Superman, a 1939, Batman ya fito a Detective Comics na 27. Shi ba shi da wani ƙarfi na daban, mutum ne kamar kowa. Sunansa Bruce Wayne, ɗan attajiri, ɓarawo ya harbe uwarsa da ubansa a gabansa yana ƙaramin yaro. Sai ya yi rantsuwa zai yaƙi masu laifi a birninsu Gotham, ya koyi faɗa da bincike, ya zuba dukiyarsa a kayan aiki, yana fita da dare cikin shigar jemage don ya tsorata su. Shekara da shekaru sunan Bob Kane kaɗai ake sawa a matsayin wanda ya ƙirƙire shi, alhali abokin aikinsa Bill Finger ne ya tsara yawancin abin da aka san Batman da shi. Finger ya mutu a 1974 ba shi da komai. Masoya ne suka yi ta ƙorafi tare da iyalinsa har aka fara sa sunansa a 2015.

Mutanenmu kan ce ƙarfin Batman kuɗi ne, cire kuɗin ka ga saura. Masoyansa kuma su ce shi kaɗai ne jarumin gaske a cikinsu, don shi in aka harbe shi zai mutu, amma duk da haka yake fita. Babban musun dai a kan Joker ne, mahaukacin makashin nan mai fentin fuska da ya fara fitowa a 1940. Batman yana da doka ba ya kisa. Sai ya kama Joker ya miƙa, Joker ya tsere ya kashe mutane, a sake kamawa, a sake tserewa. Wasu na cewa jinin duk wanda Joker ya kashe yana wuyan Batman. Wasu na cewa ranar da ya fara kisa da hannunsa ba bambanci tsakaninsu. Abin da da yawa ba su sani ba, a labaran farko na 1939 Batman yana riƙe bindiga kuma ya kashe, daga baya kamfani ya hana.

Wannan musu in aka fara shi a Jalingo ba ya tsayawa a kan katun. Mu da muke bin hanyar kasuwannin shanu, muka ga zamanin masu garkuwa da mutane, muka ga 'yan banga da mafarauta sun shiga daji, mun san tambayar da idonmu. Wanda aka taɓa sace wa ɗan uwa ra'ayinsa daban, wanda aka taɓa kama wa ɗan uwa bisa kuskure ra'ayinsa daban. Na sha ganin an fara da dariya an ƙare kowa ya yi shiru.

A kan Batman ne kuma aka yi abin da ya nuna ƙarfin bakin masoya. Yana da yaro mai taya shi, Robin. Na biyu da ya riƙe sunan, Jason Todd, masu karatu da yawa ba sa son sa, wai ya cika rashin kunya. A 1988 sai DC ta ba da lambobin waya biyu, ka buga wannan in kana so ya rayu, ka buga wancan in kana so Joker ya kashe shi. Aka ƙirga: 5,343 suka ce ya mutu, 5,271 suka ce ya rayu. Ƙuri'a 72 ta kashe yaron. A 2005 kuma aka dawo da shi da rai da sunan Red Hood.

Spider-Man

Wannan shi ne na jakar autan Alhaji, kuma in za a yi zaɓe a cikin yaranmu shi zai lashe ba tantama. Ya fito a 1962 a Amazing Fantasy na 15, Stan Lee ya rubuta, Steve Ditko ya zana. Lee ya sha ba da labarin cewa maigidansa bai so ba da farko, yana ganin mutane ƙyamar gizo-gizo suke yi, sai aka jefa labarin a fitowar ƙarshe ta wata mujalla da za a rufe.

Peter Parker ɗan sakandare ne a New York, maraya, baffansa Ben da matarsa May suke riƙon sa. Wani gizo-gizo da sinadarin ɗakin gwaji ya taɓa ya cije shi, sai ya sami ƙarfi da iya manne wa bango. Da farko neman kuɗi ya tafi yi da baiwar. Wata rana ɓarawo ya wuce ta gabansa a guje, ana cewa a tare, ya ce ba ruwansa. Ɓarawon nan shi ne ya zo ya kashe baffansa. Daga nan rayuwarsa ta juya. Da na kawo nan a bayanina, Alhaji ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki."

Dalilin son sa a fili yake. Superman ba ya jin yunwa, Batman ba ya tunanin kuɗin haya. Shi kuwa Peter kullum cikin bashi yake, tsohuwa ba lafiya, mai gida na ƙwanƙwasa ƙofa, yana sayar da hotuna ga jaridar da editanta ke zagin Spider-Man kullum a shafin farko. Ya ceci gari da dare, da safe ya makara aji. Duk yaron da ya taɓa haɗa makaranta da tsaron shago ya san wannan. Ga shi da surutu da tsokana a tsakiyar faɗa, abin da ke tuna mini da Gizo na tatsuniya, sai dai Gizon namu wayonsa na cikinsa ne, wannan na taimako ne.

Abu biyu ne masoyansa ba su manta ba. Na farko mutuwar budurwarsa Gwen Stacy a 1973. Mugu ya jeho ta daga kan gada, ya harba zarensa ya kamo ta, amma ta riga ta cika, kuma har yau ana musu ko faɗowar ce ta kashe ta ko fizgar zaren. Kafin nan ba a saba ganin jarumi ya kasa ceton nasa ba. Na biyu kuma, ya auri Mary Jane a 1987, aka yi shekara ashirin ana tafiya, sai a 2007 manyan kamfani suka ga mai aure ba ya jan yara. Suka sa aka rubuta cewa ya ƙulla yarjejeniya da wani shaiɗani mai suna Mephisto, a shafe aurensa kamar ba a taɓa yi ba don a ceci ran May. Masoya sun yi tir da wannan labari, har gobe suna yi. Ni ma ban ga abin so a ciki ba, kuma na faɗa wa Alhaji shi ban ɓoye ba.

Sauran musun na 'yan fim ne: wa ya fi iya fitowa a Spider-Man tsakanin Tobey Maguire da Andrew Garfield da Tom Holland. Hamma na yana kan Tobey, don shi ya gani a gidan kallo yana yaro. A 2021 aka haɗa su ukun a fim ɗaya, musun bai mutu ba. Akwai kuma Miles Morales, Spider-Man baƙar fata da aka ƙirƙira a 2011, shi ne mai baƙin kaya da jan zane da kuke gani a wasu jakunkunan.

To wa ya fi wa ƙarfi?

Wannan ita ce tambayar da ke hana shayi shiga. Amsar da ba mai son ji ita ce, littattafan ba su yanke ba, kuma ba za su yanke ba. Stan Lee da kansa ya taɓa faɗa cewa wanda marubuci ya so shi ke cin faɗa. A 1986 Frank Miller ya rubuta labarin da tsohon Batman ya sa sulke ya nemo kryptonite ya lallasa Superman, masoyan Batman har yau shi suke kafa hujja da shi. A 1996 kamfanonin biyu suka haɗu suka yi DC versus Marvel, suka bar faɗa biyar a hannun masu karatu su jefa ƙuri'a. Superman ya ci Hulk, Batman ya ci Captain America, Spider-Man ya ci Superboy, Storm ta ci Wonder Woman, Wolverine ya ci Lobo. Na ƙarshen nan ko mai zanen bai nuna yadda aka yi ba, a bayan kanta aka yi faɗan, sai Wolverine ya miƙe. Farin jini aka auna, ba ƙarfi ba.

A ƙarshen 1992 aka kashe Superman, wani dodo Doomsday ya yi ajalinsa. Kafafen labarai suka ɗauka, mutane suka yi layi suka sayi littafin suka adana, wai zai yi tsada nan gaba. Cikin 1993 ya dawo da rai. Littafin kuwa an buga miliyoyi, don haka bai yi wata daraja ba. Na kawo wannan ne don na ji ana yaɗawa cewa tsofaffin komik dukiya ne. Gaskiya ne a 2024 an sayar da kwafi ɗaya na Action Comics na 1 kan dala miliyan 6, amma don na 1938 ne, kaɗan suka rage a duniya, kuma yana da tsabta. Wanda ka tsinta a gwanjon bakin titi na karatu ne kawai, kada wani ya yaudare ka.

Sauran zan taƙaita. Captain America ya fito a 1941, bangon littafinsa na farko yana naushin Hitila, watanni kafin Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu. Wonder Woman ita ma 1941. Hulk, 1962, masanin kimiyya ne da in ya fusata yake zama ƙaton dodo, a fitowar farko toka-toka ne, matsalar injin ɗab'i ta sa aka mayar da shi kore. Iron Man da X-Men 1963.

Black Panther sai na ɗan tsaya. Stan Lee da Jack Kirby suka fito da shi a 1966, T'Challa sarkin Wakanda, wata ƙasar Afirka ta ƙage da ba a taɓa yi wa mulkin mallaka ba. Fim ɗinsa na 2018 ya girgiza Legas da sauran biranen kudu. Amma mu 'yan arewa maso gabas akwai inda ya tsaya mana a wuya. A farkon fim ɗin an nuna dajin Sambisa, 'yan bindiga sun kwaso mata a motoci, jarumi ya diro ya kuɓutar da su. Wasu abokaina sun ji daɗi an ambaci yankinmu. Wasu suka ce ka ga, rana ɗaya da aka tuna da mu a babban fim, da wannan aka tuna mu. Da jarumin fim ɗin Chadwick Boseman ya rasu a 2020 aka sake wani musun, a nemo wani ya maye gurbinsa ko a bari. Kamfani ya bari, ƙanwarsa Shuri ta ɗauki rigar.

Namu na gida

Kada a ɗauka abin na Turawa ne kaɗai. Bappana da ya fara zuwa kudu da shanu yana saurayi ya ba ni labarin Lance Spearman, wanda suke kira Spear. A mujallar African Film yake fitowa daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970, ta kamfanin Drum, kuma ba zane ba ne, hotunan mutane ne na gaske aka jera da magana. Ɗan sanda-ciki ne mai kwat da hula, abokin gabarsa Rabon Zollo. Ya ce ko wanda bai iya karatu ba yana bin labarin ta hoto.

A 1975 aka fara buga Powerman musamman don Najeriya, baƙin jarumi mai ƙarfin gaske. Turawan Ingila ne suka rubuta suka zana, ciki har da Dave Gibbons da Brian Bolland, waɗanda daga baya suka zama manya a harkar a duniya. Makarin Powerman shi ne saran maciji. Wani zai yi dariya, amma mu da muka san kububuwar Karim Lamido da asibitin saran maciji na Kaltungo, mun san wanda ya zaɓi wannan bai yi wauta ba. A shekarun 1980 kuma Andy Akman ya fito da Captain Africa.

Mu 'yan zamaninmu Supa Strikas muka tarar, labarin ƙwallo da ya faro daga Afirka ta Kudu a 2000, wanda a bugun Najeriya tauraronsa Shegs Okoro ne. Sai Indomitables na kamfanin Indomie, su Big Boy da Swifty da Stretchy, da muka dinga tara hotunansu. Yanzu akwai Comic Republic da Jide Martin ya kafa a Legas a 2013, masu Guardian Prime. Roye Okupe ya yi Malika, sarauniya mayaƙiya da ya gina a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. Nnedi Okorafor ta rubuta wa Marvel labarin Ngozi a 2017, yarinya 'yar Legas. Abin lura, tarihin Amina namu ne, amma wanda ya zana shi ya kai duniya ba ɗan arewa ba ne, kuma da Turanci ya yi.

Akwai Musulmi a ciki? Akwai. Kamala Khan, wato Ms. Marvel, ta sami littafinta a 2014, yarinya ce 'yar asalin Pakistan a Jersey City, ana nuna ta a gida da masallaci, kuma marubuciyar farko G. Willow Wilson Musulma ce. Wani ɗan Kuwaiti, Naif Al-Mutawa, ya fito da The 99 a 2006, jarumai da aka ba kowannensu siffa daga ma'anonin sunayen Allah. Wasu sun yaba, amma a 2014 manyan malaman Saudiyya suka yi fatawar haramta shi. Gara mai saye ya san wannan tun kafin ya saya.

A bar yara su karanta?

Tsoron da Alhaji ya ji ba sabo ba ne. A Amurka kanta an tara littattafan nan an cinna musu wuta a wasu garuruwa a ƙarshen shekarun 1940. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya rubuta littafi yana cewa su ke lalata yara, majalisar dattawa ta zauna a kai, kamfanoni suka kafa hukumar tace kansu da ta kai har 2011. Daga baya wata mai bincike, Carol Tilley, ta duba takardunsa ta gano ya murɗe bayanan yaran da ya kafa hujja da su. Mu ma mun ga irinsa a Kano a 2007, da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafan soyayya na Hausa da aka karɓe a hannun ɗalibai.

Abin da na faɗa wa Alhaji shi ne, hoton jakar ba alamar ƙungiyar asiri ba ce, hajar kamfani ce kamar tambarin Chelsea ko Arsenal. Amma ba duka ne na yara ba, kuma wanda ya ce maka katun ai na yara ne bai buɗe na yanzu ba. Deadpool da Punisher da yawancin labaran Joker akwai jini da batsa. Shigar matan cikinsu sau da yawa ba ta dace da tarbiyyarmu ba. Thor kuma daga gumakan mutanen arewacin Turai na da aka ɗauko shi, ana kiran sa da sunan abin bauta a cikin labarin, haka Wonder Woman da gumakan Girka. Wannan ya fi zanen gizo-gizo zama abin da uba zai zauna ya yi wa ɗansa bayani a kai. A bangon littafin kusa da layukan farashi akan sa alamar shekaru, in ka ga M ko MAX ko 17+, na manya ne. Hukuncin zane shi kansa kuwa ba hurumina ba ne, a tambayi malamai.

Abin da ya fi damuna a gidan Alhaji wani ne daban. Na tambayi yaron ko ya san Iliya Ɗan Mai Ƙarfi, ya ce a wane fim yake? Littafin Ahmadu Ingawa ne, yaron da ya tashi ba ya iya tafiya, aka wayi gari ya sami ƙarfin da ba mai ja da shi, ga dokinsa Kwalele. Shi ma asalinsa aro ne daga labarin Iliya Muromets na Rasha, aka sa masa rigar Hausa ta zauna. Ga Gandoki na Bello Kagara da aka buga a 1934, shekara huɗu kafin Superman, wanda ya yaƙi Nasara ya wuce har ƙasar aljannu. Ga Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu. Yaron ya lissafa mini 'yan Avengers ɗaya bayan ɗaya, amma ko ɗaya daga cikin waɗannan bai taɓa ji ba, kuma Hausar ma da ƙyar yake karanta ta.

Alhaji bai ƙona jakar ba. Da za mu juyo ya ba ni kuɗi ya ce in nemo wa yaron Iliya da Gandoki. Na sami Iliya a wajen wani mai sayar da littattafai a babbar kasuwar Jalingo, na ba direbanmu ya kai. Gandoki har yanzu ina cigiya. Shekaranjiya yaron ya karɓi wayar babansa ya kira ni, ya ce ya kai rabi, yayarsa ke taya shi inda ya kakare, kuma yana so ya san tsakanin Iliya da Hulk wa zai ci wani.